Hon Ɗin Alamin da Ɓaunar Inna Dije

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Mai Wurno zuwa Sinnar ya san Alamin ɗan Sulaiman. Ko bai san fuskarsa ba, ya san hon ɗinsa. Shekara ashirin da uku yana jan farar Hayis ɗinsa a kan wannan hanya, kuma a duk shekarun nan babu wani abu mai rai da ya taɓa wucewa bai danna masa ba. Mai jiran mota a bakin titi, dogo guda ɗaya. Abokin hira, gajeru uku. Manomin da ya sunkuya cikin audugarsa can nesa, wanda bai ma san ana yi ba, shi ma yana da nasa. Jaki yana da nasa. In ka yi masa ƙorafin kunnenka ya gaji, sai ya dube ka ta madubi da tausayi, ya ce a gidansu ba a koya masa wuce mutum babu gaisuwa ba.

Ubansa manomi ne, kuma ya so ƙwarai Alamin ya gaji gonar. An gwada damina biyu. Ba ragwanci ne ya hana shi ba, don jibgegen mutum ne mai ƙarfin aiki. Shirun gona ne ya kusa haukata shi. Daga nan ya koma mota, ya auri Muhsina, wadda take rantsuwa ko abinci yake ci tafin hannunsa na hagu yana danna gwiwarsa.

A cikin hon ɗin nan duka akwai guda da bai taɓa yi wa kowa ba sai mahaifiyarsa, Inna Dije. Kullum da safe in zai wuce ƙofar gidanta, sai ya rage gudu ya danna gajeru biyu a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ita kuma ta ɗaga hannu daga kan tabarmarta.

Inna Dije tana da wani tsohon ƙaho baƙi da take zuba allura da zare a ciki. Kakanta ne ya taho da shi a ƙafa tun daga ƙasar Sakkwato, kuma labarin gidan shi ne ƙahon wata ƙatuwar ɓauna ce da ya kashe a hanya shi kaɗai. Ta fi shekara saba'in tana shafa ƙahon nan, ta ba 'ya'ya labarin, ta ba jikoki, amma ita kanta ba ta taɓa ganin ɓauna ba. To a ranin da ya rage shekara biyu a fara yaƙin da ya ɓarke a ƙasar nan, likitan ido a Sinnar ya gaya wa Alamin gaskiya: ganinta yana tafiya, ba mai dawowa ba ne, kuma da wuya ya kai wata shekarar. A hanyar komawa gida, da suka kusa gari, ta ce, "Alamin, ina son in ga kan da ke ɗaukar ƙahon nan kafin fitilar ta mutu."

Wannan magana ta soke shi. Rannan har ya wuce wani mai keke bai danna masa ba.

Aka ba shi shawara ya nemi motar masu kai baƙi gandun namun daji na Dindir. Ya ji haushin shawarar sosai. Shi, da motarsa, da shekara ashirin da uku, a ce wani ne zai tuƙa uwarsa? Ya ɗebi Inna da ƙahonta, ya ɗebi Muhsina da ƙunshin kisra, wainar dawa marar kauri, da kayan dafa gahawa, suka kama hanya. Suka kwana a wani ƙauye wajen dangin Muhsina, da sassafe suna ƙofar gandun.

A nan aka haɗa su da mai gadin daji da zai zauna a gaba ya nuna hanya. Sunansa Kamal, siririn mutum mai kaki da bindiga, wanda magana take yi wa tsada. Da Larabci ya zayyana musu doka uku: ba fita daga mota, ba gudu, ba hayaniya. Alamin ya ce ai shi duk Mai Wurno an san shi da natsuwa. Muhsina ta juya fuska wajen taga.

Ba su yi tafiyar minti goma ba sai ga zabi sun cika hanya. Hon. Zabin suka watse. Kamal ya dube shi, Alamin ya ce ai hanya ya nema. Can gaba wani gadu, aladen daji, ya fito da iyalinsa jela a tsaye. Hon. Sai kuma, a wani fili mai ciyawa, ga garken gwambaza sun fi talatin a tsaye, kyawawa, rana tana dukan bayansu. Kamal ya ɗaga yatsa zai nuna wa Inna, amma hannun Alamin ya riga shi. Gajeru uku ya ba su, irin na abokai. Abin da Inna ta samu shi ne ƙura.

"Ya zol, kai mutumin nan," in ji Kamal, "me suka yi maka?"

"Gaisuwa ce kawai."

"Ba su amsa gaisuwa."

"To wannan kuma tarbiyyarsu ce, ba tawa ba."

Ya rantse ba zai ƙara ba, kuma wallahi da gaske yake. Ya cusa hannun hagun ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai. Amma hannun da ya yi shekara ashirin da uku yana abu ɗaya ba ya jiran izinin mai shi. Da suka iso inda gwaggon birai suka jeru a bakin hanya, wani babba a cikinsu ya ɗaga hannu sama zai sosa hammata. Alamin ya ga hannu a sama a bakin hanya. Kafin ya yi tunani ya riga ya ba da dogon hon, ya ratse gefe, ya taka birki, ya leƙa kai ya ce, "Sinnar?" Birin ya ci gaba da sosa hammatarsa. Ɗan'uwansa ne ya zagayo ta tagar Muhsina ya miƙa hannu ya ɗauke ƙunshin kisrar, suka haye bishiya suna rabawa.

Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko ba komai ya samu fasinjan da ya fi na kasuwar Sinnar kunya, tunda wannan bai nemi a ba shi gaban mota ba.

Abin da ya ƙure Kamal ya faru ne wajen azahar. Suka tarar da wata ƙatuwar mota a tsaye ƙarƙashin inuwa, mutanen Khartum ne a ciki da dogayen kyamarori, kowa ya yi tsit. Tun hantsi suke jiran wani zaki da ke kwance cikin ciyawa ya tashi. To ina Alamin zai wuce mota cike da bayin Allah bai gaishe su ba? Zakin ya tashi kam, amma ya tashi ne ya shige kurmi, kuma babu wanda ya samu hoton komai sai ƙarshen jelarsa. Irin kallon da mutanen nan suka yi wa Alamin, gara a zage ka. Kamal ya matso kusa da shi. Ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya laluba, ya zaro ɗan fis ɗin da ke ba hon wuta, ya jefa a aljihun rigarsa ya maɓalle.

Daga nan Alamin ya shiga wahalar da bai taɓa shiga ba. Yana dannawa, babu sauti. Gumi ya jiƙa masa jallabiya. Suka wuce jimina biyu, ya rasa yadda zai yi, sai ya leƙa ta taga ya ce musu "sannunku" ƙasa-ƙasa. Amma fa yanzu dabbobi suna tsayawa. Sai dai duk wadda Kamal ya nuna, Inna ta ce masha Allah, ta sake tambaya ina ɓauna. Rana tana karkata, ɓauna babu labari, kuma Kamal ya riga ya ce dole su fita kafin magariba. Tsoro ya kama Alamin sosai. Ya san da hannunsa ya kore rabin dajin, kuma ya san babu wani ranin da zai sake kawo ta tana gani.

Bayan la'asar Kamal ya sa shi ya bi wata siririyar hanya zuwa maya, wato tafkin da ruwan damina ke kwantawa har cikin rani. Ya ce a kashe mota. Suna can. Ɓauna sun fi ɗari, baƙaƙe wuluk, sun baje a bakin ruwan, kowace ta tsoma kai cikin ciyawa tana kiwo, ruwan kuma yana ƙyalli a bayansu. Muhsina ta dafe ƙirji tana salati a hankali.

"Inna, ga su nan," in ji Alamin. "Kin gan su?"

"Awo, na gani. Masha Allah. Allah shi yi maka albarka."

Ya ɗaga ido ya dube ta ta madubi. Murmushi take yi, ƙahon yana kan cinyarta, amma fuskarta tana kallon wani suri ne can gefen dama, inda babu ko ɓauna ɗaya.

"Inna, mi kike gani?"

Ta shafa ƙahon. Sannan ta ce, "Baƙi-baƙi dai, ɗana. Ƙasa baƙa, su baƙaƙe. Ka bari, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Na ji warinsu ai."

Alamin ya roƙi a matsa kusa. Kamal ya ce taɓo ne a gaba, kuma ɓauna ba abar wasa ba ce. Wannan mutum da duk Mai Wurno ba a taɓa jin ya rasa abin faɗa ba, ya kifa goshi a kan sitiyari, hawaye suna ɗiga a kan hon ɗin da ba ya kuka.

Kamal ya waiwaya ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙahon da ke hannunta. Ya dubi garken, duk kawuna a ƙasa. Ya ɓalle aljihu, ya sunkuya, ya mayar da fis ɗin inda ya ciro shi.

"Guda ɗaya," ya ce. "A hankali."

"Nata biyu ne," in ji Alamin.

"To biyu."

Muhsina ta kama haɓar Inna ta juya mata fuska daidai. Alamin ya goge hannu a jallabiya, ya danna gajeru biyu, irin na kowace safiya.

Garken duka ya ɗaga kai lokaci guda. Ƙahoni sama da ɗari biyu suka miƙe baƙaƙe a gaban hasken ruwan, suka tsaya cak suna kallon motar, ba su gudu ba. Inna Dije ta ja numfashi. Wannan karon babu mai buƙatar ya tambaye ta. Ta ɗaga tsohon ƙahonta a hankali ta kara shi da taga, ta dube shi, ta dubi na waje, ta sake dubansa.

"Ashe na ɗan maraƙi ne," ta ce. "Shekara saba'in ana yi muna kurari da ƙahon ɗan maraƙi. Allah shi jiƙan kakana."

Kamal ne ya fara fashewa da dariya bayan Muhsina ta fassara masa, kuma ita ce dariyarsa ta farko a ranar. Inna ba ta ɗauke ido daga garken ba har suka mayar da kawunansu cikin ciyawa ɗaya bayan ɗaya. A hanyar fita Alamin ya zaro fis ɗin da kansa ya miƙa wa Kamal ya riƙe masa zuwa ƙofa, don ya san halin hannunsa.

Ganin Inna bai kai ƙarshen daminar da ta biyo ba. Alamin yana nan da halinsa, mutanen gari suna ta ƙorafi, yana ta danna musu. Allura da zaren sun koma hannun Muhsina, amma ƙahon yana wajen mai shi. Wata jikarta ta taɓa tambayarta ko yanzu duhu kawai take gani. Ta ce yawanci haka ne, sai dai da safe, in ubansu ya danna biyun nan a ƙofa, kawunan nan duka suna ɗagowa. Shi ya sa ko ranar da babu fasinja ko ɗaya, Alamin yakan tada motar ya bi ta ƙofar gidan.