Darbejiyar Kawu Isufu

Har in bar duniya ba na jin zan manta ranar da na raka Kawu Isufu yin sallama da tsohon wurin aikinsa. Abin da na fara lura da shi da muka sauka daga tasi shi ne warin wurin ya sauya. Da can ƙarnin kifi da gas ke tarbar mutum, ranar kuwa ƙanshin kofi ne.

A 2019 ne, ina aji biyu na sakandare, muna zaune a unguwar Abu Hail, can ƙasar Larabawa. Kawu yayan mahaifiyata ne, mutumin Damagaram. Ya tsufa yana lodin kaya a jiragen katako a wata tsohuwar tasha ta bakin ruwa. Da aka rufe tashar aka mai da shi wani sito a unguwar Al Quoz, sai ga shi biza ta ƙare, zai koma gida.

"Yalla, yi maza, Hadiza, ɗauko wayar uwarki," in ji shi. "Ki yi min hoto da ɗiyata."

Ɗiyar tasa darbejiya ce. Shi ya dasa ta a bayan siton tsohuwar tashar, kuma 'yan lodi suka mai da gindinta wurin alwala, don kada ruwa ya tafi a banza. Da ruwan alwalarsu ta girma.

Gaskiya an gyara wurin. Siton ya zama gidan shan kofi, an yi hanyar kekuna, ƙarafan ɗaure jirgi sun sha fenti yara na hawa. Kawu yana ta dariya.

"Nan da muke cin tuwo a tsugune? Yanzu ko ruwa na nema sai an ce min shwayya, in ɗan jira!"

Da muka zagaya baya dariyar ta tsaya. Ba a sare darbejiyar ba, har benci aka kewaye ta da shi. Amma rabin ganyenta ya yi rawaya. Ni da ba na iya kallon idon mutane, ƙasa nake kallo, shi ya sa na gani: siririn baƙin tiyo yana bin gindin kowane sabon dabino yana ɗiga ruwa, amma ya tsallake darbejiyar. Wataƙila masu gyaran sun same ta kore shar a busasshen wuri, suka ɗauka da kanta take rayuwa. Babu wanda ya san akwai abin tambaya.

Kawu ya tsuguna, ya buɗe gorarsa, ya yi alwala a hankali ko da yake lokacin salla bai yi ba.

"Khalas, shi ke nan, bar hoton," ya ce. "Ba haka nake so yarana su gan ta ba."

Ban ɗauka ba, kuma har yau abin yana cina, don bai shekara a gida ba ya rasu. Tun ranar na gane cewa in za a raya tsohon wuri, barin abubuwansa a tsaye bai isa ba, sai an nemi mutanen da suka san abin da ya raya su.

Za mu tafi na hango wani dattijo mai kula da shukoki yana naɗe tiyo. Na je gabansa, na nuna masa bishiyar, na haɗa ɗan Larabcin makaranta da nake da shi.

"Baba, don Allah, in za ka yi alwala, ka riƙa yi a can."