Farantin da Ya Ƙi Miƙewa a Bangon Baba Sambal

Baba Sambal magini ne. Ba tsayi ne ya ja masa sunan ba, don gajere ne, in aka jera buhun siminti biyar ya tsaya a bayansu sai ka ji murya ba ka ga mutum ba. Aikinsa ne ya ja masa. Shekara arba'in da 'yan kai yana ɗora bulo kan bulo, ba a taɓa samun bangonsa da ciki ko doro ba. A aljihunsa na dama kullum akwai zare mai dalma a baki, wanda yake saki daga saman gini ya ga ko ya miƙe. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa duba marar lafiya. Ya taɓa rushe katangar da ya yi kwana uku yana ginawa saboda ta kauce da faɗin yatsa ɗaya, mai gidan yana roƙonsa ya bari, ai shi ya gani ya yarda. Sambal ya ce, "Kai ka yarda, ni ban yarda ba. Ni da kai duk tafiya za mu yi, katanga ce za ta zauna tana faɗin sunana."

Abin bai tsaya a wurin aiki ba. In ya shiga ɗakin mutum ya ga kalanda a karkace, ba ya amsa gaisuwa sai ya gyara ta. Ranar da aka kwantar da matarsa a asibiti, likita yana bayani, shi yana kan kujera yana daidaita agogon bango. Hali zanen dutse.

Matar tasa, wadda kowa ke kira Inna, rumfar zare da maɓallai gare ta a kasuwa. Mace ce mai baki, in ba ta yi cacar baki da mutum uku kafin azahar ba sai ta ce ranar ba ta yi albarka ba. Santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ƙashin ƙugu ya karye, aka sallamo ta aka ce ta kwanta wata huɗu. Wadda ta saba da hayaniya, ga ta daga ita sai silin. Sati biyu ta haddace duk inda gizo-gizo yake saƙa. A na uku ta rage magana, abinci ma sai ta taɓa ta ture. Sambal kuwa ba abokin hira ba ne. In ya zauna a gefenta, ƙafar gado yake kallo, wai ɗaya ta fi sauran gajarta.

Babbar 'yarsu, mai aikin jinya a wani gari, ita ta ce a sa wa Inna satalayit. Ta saya ta aiko a kwali, faranti da risiba da rimot da waya naɗi guda. Daga can ta yi rajistar tashoshin, ta kuma turo mai haɗawa.

Mai satalayit ɗin wani ƙato ne mai tumbi da furfura a gemu, babur ɗinsa yana nishi a ƙarƙashinsa. Ya zagaya gidan yana ɗaga wata 'yar na'ura mai kuka. A baya benen maƙwabci ya tare sama. A tsakar gida bishiya ta tare. Wuri ɗaya ya rage, bangon gaba, saman ƙofa, inda duk mai wucewa a titi zai gani. Bangon nan kuwa Sambal da hannunsa ya gina shi, shi yake nuna wa duk wanda ya zo ba shi aiki.

Da aka fara huda bangon, Sambal ya kau da kai kamar ana yi wa ɗansa allura. Mutumin ya kafa ƙarfe, ya ɗora faranti, yana juya shi kaɗan-kaɗan, na'urar tana ƙara murya har ta tsala ihu. Nan ya ɗaure noti. Farantin ya tsaya da wuya a langaɓe, yana kallon sama ta gefe kamar kazar da ta hango shaho. Ɗan ƙoƙon da ke bakin sandarsa ma a murɗe.

"Ka gama?" in ji Sambal.

"Na gama, Baba."

"Haka za ka bar shi?"

"Haka yake so."

A ɗaki kuwa hoto ya fito tar. Inna ta yi ta danna rimot har ta faɗa wata tasha inda wasu mata suke rigima a wani ƙaton gida, da yaren da ba ta jin ko kalma ɗaya. Kafin la'asar ta gane mai gaskiya, ta gane munafuka. Daga tsakar gida kana jiyo ta: "Ke mai jan baki, ƙarya kike! A gabana kika ɗauki wasiƙar!" Ranar ta cinye abincinta tas, ta nemi ƙari.

Tsallaken titi akwai shagon Kafinta, tsohon abokin Sambal, wanda tun suna samari ba su taɓa gaisawa babu tsiya ba. Da yamma ya ajiye zarto, ya sa hannu a goshi yana duban bangon.

"Sambal! Tsufa ne ya iso ido, ko bangon ne ya fara gyangyaɗi?"

Masu zaman benci suka kwashe da dariya.

"Ɗazu wani ya zo neman magini," in ji Kafinta. "Na ce masa ga gidan can, ba ka ɓata, mai abin nan a karkace."

Sambal ya shige gida. Washegari da hantsi ya jingina tsani, ya hau da zarensa da sifana da guntun alli. Ya kwance noti, ya miƙar da faranti, ya warware murɗin ƙoƙon, ya ɗaure komai tam. Ya sauko ya tsallaka titi ya duba. Sai a lokacin numfashinsa ya sauka har ciki.

"Malam!" Inna ta kira daga ɗaki. "Hoton ya tafi. Allo ya yi shuɗi."

"Hadari ne," in ji shi.

Sama kuwa wasai, kamar an wanke ta da sabulu.

Aka kira mai satalayit. Ya hau yana haki, ya mayar da farantin yadda yake, ya ce wataƙila iska ce. Sambal ya ce lallai, unguwar nan akwai iska. Ya daure kwana biyu, yana shiga gida kai a sunkuye. A na uku wani baƙo ya tsaya a titi ya ɗaga kai, ƙila tsuntsu ma yake kallo. Sambal ya ɗauko tsani.

Wannan karon Inna ba ta kira shi ba. Da ya shiga da kwanon abincinta, ya tarar ta juya fuska bango, rimot yana ƙasa kusa da takalmi. Ya ajiye kwano ya yi gyaran murya.

"Da alama iskar nan ta sake..."

"Malam, ƙuguna ne ya karye, ba kunnena ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Na san kukan tsaninka, matakala ta uku ce take ƙara. Shekara arba'in ina zaune a ɗakin da ko tabarma ba ta isa ta karkace ba, ban ce maka komai ba. To yanzu ni ce karkatacciya a gidan nan. Likita ya faɗa, kana kan kujera ba ka ji ba, ko na tashi da ɗingishi zan tashi. In ka gama da farantin, ka zo da zaren ka gwada ni."

Abincin nan haka ya huce a wurin.

Sambal bai iya neman lamba a waya ba, kuma bai so 'yarsa ta ji. Da ƙafa ya taka har shagon mai satalayit, ya jira shi ya gama cin abinci, ya hau bayan babur suka dawo tare. Shi ya riƙe masa tsani.

Mutumin ya taɓa notin, ya dubi layin alli a jikin bango, miƙaƙƙe kamar an ja da rula.

"Baba, iskar unguwarku tana da sifana. Har da alli take yawo."

"Yi aikinka."

"Zan yi. Amma na huɗu ba zan zo ba, gwiwata ba ta haya ba ce." Ya leƙo ƙasa. "Baba, in tambaye ka mana. In za ka yi kwata, daidai kake shimfiɗa ta?"

"Wane mahaukaci ne zai yi kwata daidai? Ruwa ya kwanta ya yi wari? Gangare ake ba ta."

"Da ka ake ba ta, ko da awo?"

"Da awo mana! In ya yi yawa ta zaizaye, in ya yi kaɗan ta toshe."

"To wannan ma kwata ce, sai dai abin daga sama yake gangarowa. Wanda yake aiko da hoton yana can inda yake, ba zai matsa don bangonka ba."

Na'urar ta fara kuka, Sambal ya ɗaga kai ya dubi farantin.

"Wato karkatar nan tana da awo?"

"Sosai ma. Ka kauce da faɗin farce, hoto ya tafi."

"To me ya hana ka faɗa tun farko? Ni na ɗauka ƙyuya ce irin ta masu aikin yanzu."

Da na'urar ta tsala ihunta, mai satalayit ya ɗaure ya sauko, Sambal ya hau. Mutumin ya dafe kai, amma babu sifana a hannun tsohon. Zarensa ya saki daga leɓen faranti na sama, ya jira dalma ta daina lilo, ya auna tazarar da ke tsakaninta da leɓen ƙasa. Ya sake aunawa. Sannan ya kwaɓa siminti rabin kwano, ya yi wa gindin ƙarfen mazauni yadda ko guguwa ba za ta gusar da shi ba, ya sa ƙusa ya zana awon a jiki tun bai bushe ba. Daga ɗaki aka jiyo Inna tana tambayar mai jan baki ina ta kai wasiƙar mutane.

Yana wanke cokalin gininsa a bakin ƙofa sai ga muryar Kafinta daga tsallake.

"A'a, Sambal! Yau kuma har siminti aka sa wa karkatar, kada ta gudu?"

Sambal ya yarfe ruwan hannunsa, ya miƙe iya tsayin da Allah Ya ba shi.

"Tawa yatsa huɗu da rabi ce, ba ƙari ba ragi, hau ka gwada," ya ce. "Kai ƙofar shagon nan naka da take jan ƙasa, tata nawa ce?"

Masu zaman benci duk suka juya suna kallon ƙofar. Kafinta ya ɗauki zarto ya ci gaba da yanka katako.