Ranar da na tace nonon akuya ina neman zare

Shekarun baya, lokacin gemuna bai gama fari ba, ina aiki a wani shagon naman halal a unguwar Longsight, a Manchester ta Ingila. Boko dai aji uku na yi a Kumasi malamai suka huta da ni, amma akuya na san ta. Tun ina yaro nake bin mahaifina kasuwar dabbobi. In na buɗe bakin akuya na ga haƙoranta zan gaya maka shekarunta, in ƙara maka da halin uwarta kyauta.

'Yata ta fari tana jami'a a Birmingham. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Uwata nake kiranta. Burina ta gama ta kama aiki a chemist ɗin Stockport Road, in riƙa wucewa ina ɗaga mata hannu mutane na gani. Sai ta zo hutu ta ce ita research, wato bincike, za ta ci gaba da yi kan ƙwayoyin gado, kuma ba za ta sa hannu a takardar neman gurbin ba sai na yarda.

Na ce, "Me ake yi da shi?"

Ta ce, "Baba, ka san a Kanada an ɗauki ƙwayar gadon gizo-gizo an sa wa awaki? Yanzu abin da yake saƙa da shi yana fitowa a nononsu. A tace, a yi zare. In aka gwada nauyi da nauyi, ya fi ƙarfe ƙarfi."

Dariya na yi har shayi ya sarƙe ni. Na ce, "Uwata, to a wace kusurwar ɗaki akuyar take lilo? A kan wannan tatsuniyar za ki bar chemist? Ban yarda ba." Ba ta yi musu ba. Ta ce dai in daure in zo in gani kafin ƙarshen wata, don lokacin za a rufe karɓar takardu.

Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ran Asabar na sayo madarar akuya a supermarket, na ɗauki rariyar shayin matata na tace sau uku, na ɗaga wa hasken taga. Ko silin gashi babu. Matata ta shigo ta same ni a haka, ta ce, "Malam, in ka samu da yawa a saƙa mini zanen Sallah."

Na juye sauran a gora na hau coach, babbar motar zuwa Birmingham, hujjata tana jaka.

A lab ɗinsu, ɗakin binciken, aka sa mini farar riga irin ta shago, sai dai tasu ba jini. Uwata ta ciro zare ɗaya daga saƙar gizo-gizo, ta sa na leƙa shi ta madubin nan mai ƙara girman abu. Abin da nake sharewa da tsintsiya, ga shi sumul kamar igiyar da gwani ya tufka. Ta ce shi gizo-gizo ba ya kiwatuwa, in ka tara su cinye juna suke yi, shi ya sa aka nemi akuya. Sannan ta buɗe hoton awakin a kwamfuta.

Na gyara tabarau, ina jiran ganin dodo mai ƙafa takwas. Sai ga wasu gajeru masu tumbi, ƙafa kamar ta kujerar tsugunno.

Na ce, "Kai! Ai waɗannan namu ne! Awakin kurmi ne, ɓarayin ɓawon rogon zango!" Irin da mahaifina ko tayawa ba ya yi a kasuwa.

Malamarta, wata Baturiya, ta ji ihuna ta matso, Uwata ta fassara mata abin da na ce. Ta ce haka ne, asalinsu daga wajenmu ne, ko zan iya faɗin dalilin da aka zaɓe su? Na ce, "Ai wannan ba ta jira. Kafin ta shekara ta haihu, sau da yawa ma tagwaye. Duk mai saurin ganin nono ita zai nema." Uwata ta mayar mata da Turanci mai kyau. Matar ta dube ni ta ce, "Exactly."

Duk rayuwata ina leƙa bakin akuya ina ganin na gama saninta, ashe a zaure na tsaya, ban taɓa shiga cikin gidan ba. Wanda Ya halicci gizo-gizo da akuya da tawada ɗaya Ya rubuta su, har ana iya ɗauko layi daga allon wannan a sa a na wancan, ya karantu. Ban san lokacin da na ce Subhanallah a fili ba.

Na ce, "Uwata, ina takardar? Sa hannu ina kallo. Allah Ya yi miki albarka." Ta sa.

Gorar kuwa ban fito da ita ba. A coach na shanye hujjata kafin mu shigo Manchester, kada ta lalace a banza.

Har yau in na ga saƙar gizo-gizo a kusurwar flat, sai na ɗan tsaya kafin in ɗaga tsintsiya. Kuma har yanzu in aka kawo kan akuya nakan buɗe baki in faɗi shekarunta. Halin uwarta ne na daina faɗa.