Sajo Dillali da Saiwar Ƙasar Sin

A wata ruga kusa da Sule Tankarkar aka haifi Sajo, amma bai daɗe a bayan shanu ba. Tun yana saurayi ya gane bakinsa ya fi sandarsa amfani, sai ya koma Maigatari ya zama dillali a kara. Ranar kasuwa za ka gan shi, dogo siriri, yana yi wa makiyayi Fillanci, ya juya ya yi wa falke Hausa, ya ɗan taɓa Buzanci da masu raƙuma. In ciniki ya cije, shi ake kira. Ya auri Talatu, mutuniyar Gumel mai suyar ƙosai, suka haifi 'ya ɗaya wadda ke aure a Gagarawa. Hausa kaɗai ake yi a gidan. Talatu ba ta taɓa neman koyon harshensa ba, shi ma bai taɓa cewa ta koya ba.

A kakar 1977 yana tsakiyar ciniki, riƙe da igiyar wani bijimi, sai igiyar ta sulale daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, ya zube ƙasa. Aka kai shi asibiti a Gumel. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a koma gida a yi ta haƙuri.

Aka yi rubutu, aka yi ƙaho, aka shafa man shanu. Bayan wani lokaci magana ta fara dawowa, Talatu ta yi murna. Amma da ta kasa kunne sai ta ji ba ta gane komai. Hausar ta tafi gaba ɗaya, Fillancin yarintarsa ne kawai ya rage. Yana jin abin da take faɗa, amma in ya buɗe baki wani harshe ne ke fitowa. Zai nemi ruwa ta kawo bargo. Sai ya dube ta, ya juya fuska bango.

Dole aka aika ruga, yayarsa Adda ta zo. Ita ce ta zama bakinsa.

"Adda, me yake cewa?" in ji Talatu.

"Wai ki daina kuka a gabansa, yana ganinki."

Talatu tana da ƙane, Ubale, direban babbar mota mai zuwa Damagaram. Wata rana ya shigo da ƙunshi a hannu.

"Yaya, a can ana ta zancen likitocin ƙasar Sin, wai suna tayar da masu irin wannan ciwo da saiwoyi da allurai. Maigida ba zai iya tafiyar ba. Amma wani mai kanti ya ba ni wannan, ya ce irin nasu ne, yana tsare ƙwaƙwalwa kada ta ƙara lalacewa."

Busassun saiwoyi ne jajaye, an yanka su sala-sala. Rubutun da ke jikin ƙunshin babu mai iya karanta shi, har malamin firamare ya juya shi sama da ƙasa ya mayar.

"To yaya ake shan sa?" in ji Talatu.

Ubale ya sosa ƙeya. "Ya ce a dafa."

"Kamar yaya? Da yawa ko kaɗan?"

"Wallahi Yaya ban tambaya ba."

Haka Talatu ta riƙa dafawa da ka, wata rana ruwan ya yi ja, wata rana ta ji tsoro ta tsinka shi. Sajo ya sha, ya yamutsa rabin fuskar da ke motsi. Can sai babban yatsansa na dama ya fara ɗan motsawa. Adda ta ce man shanu ne, Ubale ya ce saiwar ce, maƙwabta suka ce rubutu. Talatu ba ta san wanda za ta gaskata ba. Saiwar ta ƙare. Da Ubale ya koma neman wata, ya tarar kantin a rufe, an ce mutumin ya tashi. Yatsan bai ƙara komai ba, bai kuma ragu ba.

Da rani ya tsananta, mutanen Adda suka shirya yin kudu da ragowar shanunsu. Adda ba ta da yadda za ta yi sai ta bi su. Kafin ta tafi ta koya wa Talatu sunan ruwa da nono da tuwo, da yadda ake cewa ina ke ciwo. Da waɗannan kalmomi suka yi zaman da ya rage musu, har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, unguwa duk ta watse, Sajo ya kama gefen zanenta da hannun hagu. Ya yi magana mai tsawo, a hankali, idonsa a kanta, yana tsayawa kamar mai jiran amsa. Talatu ta leƙa waje ko za ta ga wata mai tallar nono da za ta fassara mata, babu kowa. Ta dawo ta zauna, tana cewa, "To, Malam. Na ji, Malam."

Bai ƙara doguwar magana ba har ya rasu a farkon kaka. Da Adda ta zo gaisuwa, Talatu ta maimaita mata abin da ta iya riƙewa daga maganar. Adda ta sa ta sake faɗa, ta kuma sakewa, sannan ta girgiza kai.

"Talatu, ban gane ba. Kalmomin sun fashe a bakinki."