Ya Bukar da Motar Suruki

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Malam Bukar, bakaniken Ƙofar Ruwa wanda abokan sana'arsa suka laƙaba wa suna Ban-yarda-ba. Mu a gida, a Soron Ɗinki, Ya Bukar muke ce masa, irin kiran da kakanninmu suka zo da shi daga Borno. Duk shekara in lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa, in ba da sadaka, in yi shiru. Bana kuwa shirun ya gagara, domin wata mota ta faɗo hannunmu a watannin baya, kuma tun ranar nake jin kamar yana tsaye a bayana yana gyaran murya.

Ba su yi masa ƙazafi ba da suka sa masa sunan nan. Ya Bukar bai taɓa yarda da mota don ta yi kyau ba. In ka kawo masa wadda aka wanke injinta tas, sai ya tambaye ka me aka wanke. In ya zaro sandar awon baƙin mai ya ga mai sabo fil, sai ya ce me ya sa aka zuba shi jiya-jiya. Abin da ya fi tsana shi ne a kawo masa mota da rana tsaka, inji ya riga ya yi ɗumi. Cewa yake a bar ta ta kwana, makulli a aljihunsa, ya gan ta da sassafe kafin kowa ya taɓa ta. Dillalan mota sun sha zaginsa a bayan ido, don ya ɓata musu ciniki ba adadi.

Ni malamar firamare ce, yanzu na yi ritaya. Lokacin da na sayi 'yar motata ta zuwa makaranta, shi ya riƙa kula da ita, ni kuma ya tasa ni gaba da karatu. Ya koya mini cewa tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani siririn faifai da ake kira gasket, wanda yake tsare ruwa da mai da wuta, kowa a hanyarsa. In ya ƙone, sai su fara cakuɗa. Ruwan lagireto ya riƙa raguwa alhali ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Salansa ta riƙa fitar da farin hayaki mai kauri. Ƙarƙashin murfin baƙin mai ya tara wani abu kamar shayi mai madara. Amma zargin nasa bai bar 'yan uwansa makanikai ba. Duk wanda ya ji mota ta yi zafi ya ce gasket ne tun bai duba fanka da tiyo ba, Ya Bukar ya gama da shi. Alama ɗaya ba ta isar masa ya kwance injin mutum.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da ake jona wa mota wata 'yar na'ura ta faɗi ciwonta a fuskar waya. Na tabbata zai karɓi na'urar ya jujjuya ta, ya tambayi wa ya koya mata, sannan ya ce a bar motar ta kwana.

Ɗana Modu yana auren 'yar wani ɗan kasuwa a Gwammaja, mutum mai fara'a da sakin hannu. Ba zan kama sunansa ba, surukina ne, Alhaji ya isa. Da 'yar tasa ta sauka lafiya aka sami namiji, aka sa masa Bukar, sai Alhaji ya aiko wa Modu da motarsa ta biyu kyauta. Unguwa ta ɗauka, mata suka yi ta shigowa yi mini barka. Nan take Modu ya yanke cewa in an yi arba'in, da motar za mu je Maiduguri, mu kai jaririn wurin gwaggonmu. Ita ta goyi Ya Bukar, ta tsufa tukuf, kullum a waya roƙonta a kawo mata takwaransa tun idonta yana gani. Duk wanda ya san hanyar nan ya san akwai wuraren da ba a fatan mota ta tsaya ko da rana tsaka. Ga mai jego, ga jariri, ga ni.

Bayan azahar direban Alhaji ya kawo ta bakin lungunmu, don mota ba ta shiga ciki. Modu da kansa ya ɗaga bonet yana washe baki. Inji sai ƙyalli yake. Ya ce, "Inna, kalli, har sabon mai Alhaji ya sa aka zuba." Da aka buɗe but kuma na ga wata ƙatuwar jarka cike da ruwa. Na tambayi direban ta mece ce, ya ce ta alwala ce. Ban san Alhaji da limancin masallacin Juma'a a cikin mota ba, amma na haɗiye maganata.

To, sai dai kyautar suruki ce. A garin nan in suruki ya ba ka abu, dattawa ake tarawa a je har gida a yi godiya. Ba a kai shi gareji a ce a duba. Wanda ya yi haka ya ƙaryata mai kyautar ba tare da ya buɗe baki ba, kuma ba shi kaɗai zai ɗauki abin kunyar ba, har matarsa. Na san wannan sarai, da shi aka raine ni. Na yi kwanaki ina juya abin a raina, ina kallon jaririn ina kallon motar. Da tafiya ta matso, na ce wa Modu ya ba ni makullin.

Ya ce, "Haba Inna, so kike a ce mun raina? Da wane ido zan kalli Alhaji?"

Na ce, "Da idon da za ka kalle shi in 'yarsa ta kwana a daji."

Ya ajiye makullin a tabarma ya fita, ko sallama babu.

Da gari ya waye na zura hijabi na fito, na sa aka taso Modu. Inji sanyi ƙalau, yadda Ya Bukar yake so, don ya sha gargaɗina kada in kuskura in buɗe lagireto yana da zafi. Na buɗe, ruwa ya yi ƙasa, ƙarƙashin motar kuwa a bushe. Na cika shi har baki. Na kwance murfin baƙin mai, an goge shi, amma mai gugar ya manta da lungun zaren, ga madarar nan ta maƙale. Na ce Modu ya tayar. Motar ta yi ta karkarwa kafin ta daidaita, farin hayaki ya turnuƙe bakin lungu har masu wucewa suka tsaya kallo. A bakin lagireto kuwa kumfa ta riƙa tasowa, ɗaya na bin ɗaya, ba ta yanke ba. Modu ya daɗe yana kallon ta, sannan ya kashe motar.

A lungunmu ba a ɓoye komai. Kafin hantsi labari ya kai Gwammaja, sai ga Alhaji da kansa. Muka gaisa daga nesa-nesa yadda surukai suke yi, aka sake tayar masa da motar. Ya leƙa ya ga kumfar, ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah! Hajiya, ashe Malam Bukar ya bar magaji." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma na lura bai tambayi me kumfar take nufi ba. Na zauna garejin Ya Bukar sau da dama, kuma duk mai motar da bai san ciwonta ba, tambaya ce take fara fita daga bakinsa. Duk da haka na nema masa uzuri. Na ce ƙila kunya ce ta kama shi, ƙila direba ne ya ɓoye masa.

Da la'asar sai ga direban da gasket a kwalinsa, in ji Alhaji a kai gareji, shi zai ɗauki nauyin gyara. Modu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kin gani ko, Inna?" ya shige gida ya yi wa matarsa albishir. Ni na karɓi kwalin. Launinsa ya koɗe, gefe ɗaya ya sha ruwa ya bushe ya lanƙwashe, mu kuwa muna tsakiyar bazara. Na ce wa kaina kaya sukan tsufa a shago. Na yi wa direban sannu da hanya, na ce ya sha cinkoson Ƙofar Ruwa wajen sayo shi. Ya ce, "A'a Hajiya, ai a gida yake tun bara. Da kyar na gano shi a sito, ƙarƙashin buhuna."

A motar haya muka je Maiduguri. Gwaggo ta rungume yaron ta shafa fuskarsa, ta yi ta kiran sunan Bukar tana kuka, ban san wanne daga cikinsu take kira ba. Da muka dawo aka tara dattawa aka je Gwammaja aka yi godiyar mota, kamar yadda ake yi. Modu bai ji abin da direban ya faɗa ba, ban kuma gaya masa ba. In ya karanta wannan, ya ci gaba da durƙusa wa surukinsa, kakan ɗansa ne.

Garejin Ya Bukar yanzu shagon fitilun mota ne, kayan aikinsa sun watse a hannun mutane. Abin da ya rage nasa shi ne wannan hali da ya zuba mini, da yaron nan da yake rarrafe a tsakar gidana. Sai dai shi zarginsa yana da iyaka. In ya gano ciwon inji, faɗa yake ya wanke hannu, ya bar mai motar da Allah, gobe su gaisa lafiya lau. Wannan ɓangaren ne ban gada ba, kuma ina jin ciwon rashinsa, domin har yau in Alhaji ya yi mini fara'a sai in ga kwalin nan. Allah ya jiƙan Ya Bukar, ya sa ya huta.

Makon jiya Alhaji ya aiko wa jikansa da keken koyon tafiya, sabo a ledarsa. Na karɓa hannu biyu, na sa albarka. Da ɗan aiken ya fita, na kifa shi na duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce a bar shi ya kwana a ɗakina.