Dakta Ana-Dubawa da Wayar Inna

A jami'ar da yake koyarwa babu mai kiransa da sunansa na yanka. Dakta Ana-Dubawa, shi ke nan. Ka tare shi a bakin matakala ka ce, "Dakta, ya labarin maƙalar nan taka?" sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ana dubawa." Har mai sharar ofis ta haddace amsar.

Fanninsa tono abin da aka goge a waya da kwamfuta, irin aikin da kotu ke nema idan mai laifi ya share saƙonni ya rantse bai san zancen ba. Kuma tsakani da Allah ya iya. Ofishinsa cike yake da matattun wayoyi a kwalaye, ga fanka mai kuka kamar akuya. Darasinsa na farko ga kowane aji ba ya canzawa: kafin ka taɓa wayar mutum, kwafe duk abin da ke ciki ka ajiye. Yana faɗa yana dukan tebur.

Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne farfesanci. Saura maƙala ɗaya tal ta fito a babbar mujallar fannin nasu, ya haye. Tsararrakinsa duk sun wuce, har wanda ya koyar ya zama shugaban sashensu, kuma abin yana cin ransa matuƙa.

Maƙalar a kan wata dabara ce da ya ƙirƙiro ta dawo da abin da aka goge a wata irin ƙaramar waya mai madannai. Ya tura. Mai tantancewa na farko ya ce ta yi tsawo, na biyu ya ce ta yi gajarta. Na uku kuwa ya ce sai an ambaci wasu ayyuka, duk na mutum ɗaya, ko wane ne oho! Dakta ya rage, ya ƙara, ya ambata, ya gode musu da wulaƙancin cikin ladabi. Ana cikin wannan kai-komo ɗiyarsa ta gama firamare, kamfanin kuma ya daina ƙera wayar.

Rannan editan ya aiko cewa saura abu guda: a maimaita gwajin a kan wayar da wani ya daɗe yana amfani da ita, kafin mako ya fita. Dakta ya zagaye rumfunan masu gyaran waya, suka yi ta masa dariya. Sai ya tuna da mahaifiyarsa.

Wayar Inna irin wannan ce sak, an ɗaure bayanta da roba. Ba ta damu da kira ba. Abin da ta riƙe a ciki muryar marigayi mijinta ce, ranar da yake gwada ɗaukar magana: "Ke, abin nan ya kama kuwa? Ina kika ajiye min hula?" sai dariyarsa. Kullum da hantsi takan kunna, ta ce masa, "Tana kanka, Malam."

"Inna, aron wayarki zan yi," in ji Dakta, yana durƙushe a bakin gadonta.

"Ɗan nan, babanka na ciki fa."

"Haba Inna, aikina ne. Ko na goge shi, ni zan dawo da shi."

Ta jinjina maganar, sannan ta kwance bakin zane ta miƙa masa.

A gida matarsa ta leƙo ta gan shi ya jona wayar da kwamfuta cikin ɗoki. "Baban yara, ka kwafe dai ko? Na ji kana yi wa ɗalibai ihu a kan haka."

"Wannan ai na masu koyo ne," ya ce. "Ni na ƙirƙiro dabarar, kuma lokaci ya ƙure."

Ya goge komai, ya saki manhajarsa. Kai, abin sha'awa! Lambobi suka dawo, saƙonnin talla suka dawo, har hoton yatsan Inna da ta ɗauka bisa kuskure ya dawo. Kashi casa'in da tara cikin ɗari. Ya tura sakamako yana taka rawa a zaune. Sai da ya natsu ya duba kashi ɗayan da bai dawo ba, ashe muryar babansa ce. Ya sake gwadawa, ya sake, bai samu ko tari ba.

Mujallar ta karɓi maƙalar. Editan har yabonsa ya yi, wai masu cewa ɗari bisa ɗari maƙaryata ne, wannan ɗan giɓin shi ne shaidar gaskiyarsa. Aka liƙa sabon allo mai ɗauke da "Farfesa" a ƙofar ofishinsa, mai shara ta ce to yanzu da wane suna za a kira shi.

Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya mayar wa Inna wayarta. Ta yi masa barka, ta shi masa albarka, sannan ta danna inda ta saba dannawa, ta kara a kunne. Ta sake dannawa.

"Ɗan nan, babanka ya yi shiru. Ina ka kai shi?"

Farfesa ya buɗe baki. Ya nemi wata magana ta daban, bai samu ba.

"Ana dubawa, Inna."