Taku Uku Tsakanin Duna da Ruwa

Ku yarda ko kada ku yarda, ni dai wallahi da idona na gani, kuma da rana tsaka. Zamanin da Turawa ke ɗibar mutane aikin hanyar jirgin ƙasa ne, ina yi wa baffana bandar kifi a bakin kogi, gabas da Haɗejiya. Muna da wani baƙin kare, Duna, na ɗaure shi da sarƙa a turke gefen rumfar banda saboda ɓarayi. Daga inda sarƙar ta ƙare zuwa ruwa taku uku ne, daga baya na auna.

Ranar da yaran dagaci suka tasa mu gaba daga cikin gari, cewa aka yi kwana uku ne. Na tuna kaskon ruwan Duna ya kusa ƙafewa, amma ga jama'a tsaye, sai na ji kunyar a ce ƙato da gemu yana barin sallahu a kan kare. Haka na bi su, ban bar sallahun ba. Kwana ashirin muka yi, cikin bazara.

Da aka sallame mu ban biya gida ba, rumfar na nufa. Na iske sarƙar ta ɗago daga ƙasa, a miƙe tamau tana fuskantar kogi, kuma babu kare a bakinta. Ina tsaye ta zagaya turken, ta sake miƙewa. Na yi a'uziyya, na murza ido, abin bai fasa ba. Ban san me ya kai ni ba, na ɗebo ruwa na cika kaskon. Ruwan nan ya yi ta raguwa ina kallo, har ƙarar lasa nake ji. Sau uku ina cikawa, sannan sarƙar ta faɗi ƙasa.

Da na gaya wa Baffa sai ya ce ai shi da hannunsa ya kwance mushen ya yar a daji, tun mako guda da tafiyarmu. "Ba ka bar sallahu ba, ɗan nan. Ni na zaci ka sake shi."

Malamin unguwarmu ya ce aljani ne, matata ta ce rana ce ta buge ni. To, rana tana shan ruwa a kasko?

Ni dai ban gane ba, kuma na gaji da tambaya. Amma har yau in na kai moɗa baki cikin zafi, sai na ji kamar ana jan ƙarfe a bayana. Wanda ya ɗaure dabba a cikinku, ya ajiye moɗar nan ya je ya duba kaskonta tukuna.